Tafiyar Haɗaka Ko Kowa Tasa Ta Fisshe Shi? Yadda Ake Auna Tallan Yawon Shaƙatawa A Waya Kafin A Tura Kuɗi

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, ko hutun ƙarshen shekara, akwai wata irin fosta da ke yawo a sitatus ɗin WhatsApp da shafukan Instagram da TikTok na matasan Kano. Hoton ruwa shimfiɗe, ga kwale-kwale, ga doki da ado, sai rubutu da manyan baƙaƙe: tafiyar yini guda zuwa Tiga, mota da abinci da shiga jirgin ruwa da kilisa da ɗaukar hoto, duk a kuɗi ɗaya. Can ƙasa kuma lambar asusu, tare da gargaɗin cewa kujeru sun kusa ƙarewa.

Da zarar fostar ta faɗo zauren abokai, ko na yaran shago ne a Kantin Kwari, ko na masu gyaran waya a Beirut Road, ko na ɗaliban da ke zaune a Sabon Gari, sai musu ya tashi. Wani ya ce a biya kawai a huta. Wani ya ce ai wannan cin riba ne, in aka ɗauki shatar mota aka biya kowane abu daban, rabin kuɗin ma ya isa. Yawanci babu wanda ya yi lissafi a cikinsu, kowa da zatonsa yake magana.

Gaskiyar lamarin ita ce kowanne daga cikinsu na iya yin daidai, ya danganta da abu uku: nisan wurin da za a je, yawan mutanen da za su tafi, da kuma wanda zai ɗauki nauyi idan al'amari ya ɓaci. Dukkan ukun kuwa ana iya gano su da wayar da ke hannun mai karatu, kafin ko naira ɗaya ta bar asusunsa.

Me ake sayarwa a cikin ƙunshi ɗaya?

Tafiyar haɗaka ba baƙon abu ba ce a wurin Bahaushe. Duk wanda ya je Umara ya san motar ziyara a Madina, wadda ke kai mutane Masallacin Ƙuba da Uhudu da Masallacin Ƙiblataini a safiya ɗaya. 'Yan kasuwar Fagge masu zuwa Dubai sun san fitar sahara da yamma, inda ake haɗa gudun mota a kan tudun rairayi da hawan raƙumi da abincin dare a farashi guda. A ƙasashen waje manhajoji irin su GetYourGuide da Viator da Klook sun mayar da wannan harka babbar kasuwa, mutum ya zaɓa ya biya daga wayarsa. A Kano kuwa mafi yawan cinikin a WhatsApp da Instagram ake ƙulla shi, tsakanin mai shiryawa da mai biya, babu wani dandali a tsakiya da zai riƙe kuɗin amana.

Abin da mai shiryawa ke sayarwa kashi biyu ne. Akwai abin da ido ke gani: kujerar mota, farantin abinci, kuɗin ƙofa, zagayen kwale-kwale. Akwai kuma wanda ba a gani: wayar da ya buga wa direba, cinikin da ya yi da mai jirgi, sanin wanda za a gaisar a bakin ruwa, da tsara abin da zai zo bayan wani. Wannan kashi na biyu shi ne ladan wahalarsa, kuma halal ɗinsa ne. Tambayar kawai ita ce nawa ne, kuma shin mai biya yana buƙatar wannan hidimar a tafiyar da ake magana a kai?

Masu sayen data sun san irin wannan auno. Kamfani zai haɗa datar rana da garaɓasar dare da ta kallon bidiyo a tsari ɗaya, adadin ya yi kyau a ido. Amma wanda ba ya raba dare yana lilo, garaɓasar dare ba ta ƙara masa komai ba, ya biya ne kawai ya bar ta ta ƙone. Haka wanda ba ya hawan doki, kuma yana tsoron ruwa, idan ya sayi ƙunshi mai abu shida ya mori uku, to ukun nan ya saya da tsada.

Lissafin da ke raba gardama

Kuɗin kowace tafiya iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ba ya canjawa ko mutum nawa ne suka tafi, wato shatar mota da ladan ɗan jagora. Na biyu shi ne na kowane kai, kamar kuɗin shiga da abinci da hawan doki. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, kashi na farko ya zama shi ne uban tafiya, domin kuɗin mota ya kan rinjayi duk sauran abubuwan a tafiya mai nisa.

Ga misali da alƙaluman da aka ɗauka don sauƙin lissafi kawai, mai karatu sai ya sa na gaskiya da ya samo a tasha. A ce shatar bas mai kujera 18 zuwa da dawowa N90,000 ce, kuma abin da kowane mutum zai kashe a can, ƙofa da abinci da kwale-kwale, ya kama N6,000. A ce kuma fosta ta sa N15,000 kowane kai.

Idan abokai 5 ne suka ɗauki motar da kansu, kowa zai ba da N18,000 na mota, a ƙara N6,000, ya zama N24,000. A nan fosta ta fi araha nesa ba kusa ba. Idan kuwa su 18 ne cif, kuɗin mota ya koma N5,000, jimla N11,000, wato fosta ta ɗora N4,000 a kan kowa, N72,000 ke nan a kan ayarin gaba ɗaya.

Akwai inda ma'aunin ke daidaita, kuma gano shi bai wuce minti ɗaya a kalkuletar waya ba. A cire kuɗin kowane kai daga farashin fosta, sai a raba kuɗin mota da abin da ya rage. A wannan misali, N15,000 a cire N6,000 saura N9,000, a raba N90,000 da shi, amsa 10. Ma'ana, in ayari bai kai mutum 10 ba, haɗaka ta fi sauƙi. In ya haura 10, shiryawa da kai ta fara riba. Sai dai a lura da wani abu da matasa ke yawan mantawa: mutum 18 da suka ce "ina ciki" a zaure ba su ne 18 da za su tura kuɗi ba. A yi lissafi da waɗanda alat ɗinsu ya shigo.

Cikin gari: inda ƙafa da Adaidaita suka wadatar

Wanda ke zaune a Fagge ko Sabon Gari yana da wata gata da baƙon da ya sauka daga Legas ba shi da ita: manyan wuraren tarihin Kano a bakin ƙofarsa suke. Daga Kantin Kwari zuwa marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, tafiyar ƙafa ce. Daga nan a shiga cikin birni zuwa Kasuwar Kurmi, wadda ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne, yana kusa da fadar Sarki. Dutsen Dala, mazaunin Barbushe a tarihin kafuwar Kano, shi ne wurin hawan dutse mafi kusa, kuma daga samansa ana hango birnin ta kowace fuska. Mai son ganin namun daji kuma ga gidan zu na Audu Bako a Zoo Road.

A irin wannan zagaye kuɗin da ba ya canjawa kusan babu shi. Adaidaita Sahu na ɗaukar mutum daga wannan wuri zuwa wancan, mai son mota kuma ya kira ta manhaja irin Bolt ya ga farashi tun kafin ya shiga. Ba a buƙatar kama wuri tun da wuri, ba a buƙatar kafin alƙalami. In rana ta yi zafi a tsaya, in wuri ya yi daɗi a daɗe. Saboda haka ɗan gari da ya sayi ƙunshin zagayen cikin birni, mafi yawan abin da ya biya ladan tsari ne da zai iya yi da kansa.

Abu ɗaya ne ya cancanci a biya a nan, shi ne ilimi. Hawa Dala ba tare da wanda zai ba da labarin wurin ba, motsa jiki ne da ɗaukar hoto kawai. Amma shi ma ɗan jagora ana iya samunsa a wurin a yi ciniki kai tsaye, ba sai an saye shi haɗe da mota da lemo da rigar tambari ba. Wanda ƙunshin cikin gari ke yi wa amfani sosai shi ne baƙo: abokin kasuwanci da ya zo daga kudu ya sauka a Sabon Gari, ba ya jin Hausa, kuma yini ɗaya kacal yake da shi.

Bayan gari: inda haɗaka ke nuna amfaninta

Da an fita daga birni lissafi ya juya. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako a kan Kogin Kano, tana da nisan kimanin kilomita 70 kudu da birni, ana bin hanyar Zariya a wuce Kura sannan a ratse. Ita ce ke shayar da noman rani na Kadawa, kuma faɗin ruwanta ne ya sa ta zama abin da aka fi sawa a fosta. Akwai kuma tafkin Bagauda a wannan shiyya, da madatsar Challawa a Ƙaraye wadda aka gama a 1992.

A irin waɗannan wurare matsalar ba zuwa ba ce, dawowa ce. Motar haya za ta kai mutum garin da ke kusa, amma daga nan zuwa bakin ruwa sai an nemi wani abin hawan, kuma in yamma ta yi motocin komawa Kano na raguwa. Manhajar kiran mota da ke aiki lafiya a France Road ba lalle ta samo direba a ƙauye ba. Mai jirgin ruwa da mai doki ba su da shafin da za a kama wuri, ciniki ne na baki da baki, kuma baƙon fuska da ya zo shi kaɗai ba ya samun farashin da mai kawo mutum 20 duk wata yake samu. Wannan shi ne ainihin abin da mai shiryawa na ƙwarai ke sayarwa: motar da za ta jira, da mutanen da ya riga ya sani.

Dajin Falgore kuwa wani babi ne daban. Yana da nisan kusan kilomita 150 a kan hanyar Jos, ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, zuwa da dawowa kusan kilomita 300 ke nan. Daji ne da ya yi fama da matsalar 'yan fashi da ɓarayin shanu, har sojoji suka kafa wurin atisaye a cikinsa. Ba wurin da abokai za su bi Google Maps su shiga don kansu ba ne, haka kuma duk fostar da ta sa Falgore ba tare da bayanin izinin hukuma da rakiyar jami'ai ba, a bar ta inda aka gan ta.

Lokaci: abin da fosta ba ta faɗa

Fosta na ƙirga yawan abubuwan da za a yi, ba ta ƙirga mintocin da kowanne zai samu. A ɗauka an sa tashi ƙarfe 7 na safe, dawowa 6 na yamma, awa 11 ke nan. A cire kimanin awa 3 na hanya zuwa da dawowa. A cire awa guda na jiran makararru, domin da wuya ayarin mutum 18 ya tashi a kan lokaci. A cire awa ɗaya da rabi na sallar Azahar da La'asar da cin abinci. Saura awa biyar da rabi. In abubuwa shida aka yi alkawari, kowanne bai samu awa guda cikakkiya ba, kuma a cikin wannan ɗan lokacin ne mutum 18 za su yi layi a kan doki biyu ko kwale-kwale ɗaya. Sau da yawa "hawan doki" na ƙarewa ne a hawa, a ɗauki hoto, a sauka.

Don haka ƙunshi mai abu uku da aka ba kowanne lokacinsa ya fi mai abu bakwai da ake yi a guje. Wanda burinsa abu ɗaya ne, misali ya yini a bakin ruwa yana kamun kifi ko ɗaukar bidiyo don shafinsa, shi haɗaka takura ce a gare shi, domin agogon ayari zai bi.

Ranar tafiya ma abin dubawa ce. Asabar ɗin ƙarshen wata akan yi tsaftar muhalli a Kano tare da taƙaita zirga-zirga da safe, wanda zai iya cinye sa'o'in farko. Ranar Juma'a akwai masallaci, ranar Lahadi kuma abokai da yawa daga Sabon Gari na coci da safe. Yanayi shi ma yana da nasa hukunci: daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, watan Agusta ruwan sama ya fi ƙarfi, hazon hunturu kuma na disashe hoto. Hasashen hukumar NiMet da manhajar yanayi ta waya na taimakawa, musamman kwana biyu kafin tafiya.

Ruwa ba sa'an wasa ba ne

A nan ne maganar ta wuce ta kuɗi. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke ƙaramar hukumar Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya, kuma an danganta haɗarin da lodin da ya wuce kima. Ba 'yan yawon shaƙatawa ba ne, fasinjoji ne, amma darasin ɗaya ne ga duk mai shiga jirgi a madatsun jihar. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta sanya rigar kariya daga nutsewa, ta kuma hana lodi fiye da kima da tafiyar dare a kan ruwa.

Haɗaka na iya zama kariya a nan, tana kuma iya zama haɗari. Mai shiryawa na ƙwarai zai zo da rigunan ruwa ko ya tabbatar akwai su, ya raba ayari gida biyu ko uku. Wanda ke ƙoƙarin cika alkawarin abu shida kafin rana ta faɗi kuwa, shi ne zai ce a matsa a shiga gaba ɗaya. Wanda ya biya kuɗinsa tun a gida yana jin nauyin cewa ba zai shiga ba, ga abokai na kallo, ga kyamara a kunne. Wanda ya je da kansa kuɗinsa na aljihunsa, in bai ga riga ba sai ya juya. Ko ta wace hanya aka je, ƙa'idar ba ta canjawa: babu riga, babu shiga.

In tafiya ta rushe, kuɗin wa ya maƙale?

Kano ta ga misalin wannan a fili. A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su, kuma Hawan Nasarawa bisa al'ada yana ratsa Sabon Gari da Fagge. Amma a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 rundunar 'yan sanda ta dakatar da hawan saboda dalilan tsaro, kwanaki kaɗan kafin ranar. Duk wanda ya gina shirinsa a kan kallon hawa, dole ya sake lale.

Wanda ya tsara abubuwansa daban-daban, in ɗaya ya rushe sauran na nan, kuma bai biya komai ba tukuna. Wanda ya sayi ƙunshi, duk ƙwansa a kwando ɗaya suke, sai abin da mai shiryawa ya ga dama, in dai ba a yi yarjejeniya tun farko ba. A manyan manhajojin ƙasashen waje da yawan tafiye-tafiye na ba da damar sokewa kyauta awa 24 kafin lokaci. Ko a Tarayyar Turai ma, dokar 2015 da ke ɗora wa mai shirya ƙunshin tafiya alhakin duk abin da ke ciki ba ta shafi tafiyar da ba ta kai awa 24 ba, matuƙar babu kwana a ciki. Wato tafiyar yini guda kusan ko'ina kariyarta ba ta da ƙarfi, abin da aka rubuta tsakanin mai saye da mai sayarwa shi ne madogara. A Najeriya akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da ake iya kai wa ƙorafi, amma ita ma hujja za ta nema.

Saboda haka kafin a tura kuɗi, a tambaya a rubuce, ba ta kiran murya ba: in ruwan sama ya hana shiga jirgi nawa za a mayar? In mutane ba su cika ba za a tafi ko za a ɗaga? In mai biya ne ya fasa, zuwa wace rana zai iya karɓar kuɗinsa? A adana amsar da sikirinshot, domin ana iya goge saƙo.

Binciken minti goma kafin a danna "tura"

Fosta mai kyau ba shaida ba ce, yaro ma na iya haɗa ta a Canva cikin rabin awa. Ga abin da waya ke iya tonowa:

1. Shekarun shafin. A Instagram akwai sashen bayanin asusu da ke nuna watan da aka buɗe shi da ko an taɓa canja masa suna. Shafukan Facebook ma na nuna ranar buɗewa da tsoffin sunaye. Shafin da aka buɗe makon jiya, ko wanda da can tallan takalma yake yi, abin a yi hattara ne.

2. Asalin hotuna. A sa hoton fostar a Google Lens. In "Tiga" ta fito a matsayin wani tafki a wata ƙasa, magana ta ƙare. A nemi bidiyon tafiyar da ta gabata, inda ake ganin fuskokin mutane da motar da aka shiga.

3. Rajista. Shafin hukumar CAC na da wurin binciken sunan kamfani kyauta. Rashin rajista ba ya nufin damfara, da yawan masu shiryawa matasa ne da ke farawa, amma wanda ya ce yana da rajista kuma ba a same shi ba, ya yi ƙarya a matakin farko.

4. Sunan asusu. Ko a OPay ne ko Moniepoint ko PalmPay ko manhajar banki, sunan mai asusu na fitowa kafin a tabbatar da turawa. In bai yi daidai da sunan kamfani ko na mai shiryawa ba, a tsaya a tambaya. A rubuta dalilin biya a wurin bayani, a ajiye rasit.

5. Mutum mai rai. A nemi wanda ya taɓa bin su, ba sharhin da ke ƙarƙashin hoto ba. Kano duk girmanta, da wuya a rasa wanda ya san wani. In akwai ofis ko shago, a taka a gani, a biya kafin alƙalami kawai, ciko sai an ga mota.

6. Fayyace farashi. A roƙi a rarraba kuɗin: mota nawa, abinci nawa, jirgi nawa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

In ayari ya zaɓi shiryawa da kansa

Shiryawa da kai ba kyauta ba ce, wani ne a cikin abokai zai zama mai shiryawa ba tare da lada ba, shi zai sha kiran waya, shi kuma za a zarga in abinci ya makara. Waya na rage wannan nauyi. Ƙuri'ar WhatsApp na tsayar da rana da wuri ba tare da saƙo ɗari biyu ba. Google Sheets ko manhajar Splitwise na nuna wanda ya biya da wanda ake bi, kowa na gani. A sa ranar rufe karɓar kuɗi, kuma kada a kama mota sai kuɗinta ya cika. A tuna da harajin N50 da ake cira a kan turawar da ta kai N10,000, da ladan masu POS, ƙanana ne amma suna taruwa.

Ana gobe tafiya a sauke taswirar yankin a Google Maps don ta yi aiki ko babu sabis, a cika fawa bank, a riƙe tsabar kuɗi domin tiransifa na iya maƙalewa a bakin ruwa. In ayarin na da layukan kamfanoni daban-daban ya fi, in wannan ya ɗauke wancan ya kama. A ɗauki hoton lambar motar a tura gida, a kunna raba lokeshin kai tsaye na WhatsApp, wanda ke iya kai wa awa 8, ga wani babba da ya san da tafiyar. A adana 112 ta kiran gaggawa da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra, FRSC. Waɗannan matakan sun shafi wanda ya bi haɗaka ma.

Hanya ta uku

Ba dole ba ne a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. Abin da ya fi dacewa da mafi yawan ayari shi ne a haɗa abin da rabawa ke sauƙaƙawa, a ware abin da ya danganci ra'ayin kowa. Mota da ɗan jagora a yi musu kuɗi ɗaya, domin su ne masu tsada kuma su ne ke tabbatar da an dawo gida kafin dare. Doki da kwale-kwale da abinci kuwa kowa ya biya a can, bayan ya gani da idonsa. Masu shiryawa da dama za su yarda su sayar da kujerar mota kaɗai in an tambaya, musamman in ranar ta matso kuma akwai gurbi.

A taƙaice, zagayen Dala da Kurmi da Ƙofar Mata ga ɗan Fagge ko Sabon Gari, kowa tasa ta fisshe shi. Tafiyar Tiga ga mutum 4 ko 5, haɗaka da mai shiryawar da aka bincika. Ayarin da ya cika bas kuma yana da mai haƙurin tsarawa, shata da kai. Fostar da ta ƙi fayyace farashi, ta ƙi maganar mayar da kuɗi, ta kuma yi shiru a kan rigar ruwa, kujerunta su ƙare lafiya, wata Sallar na tafe.